Wutar da Jiniya Ya Yi wa Fifita

Duk wanda ya taɓa zama a layin nan ya san muryar Jiniya tun kafin ya san fuskarsa. Ɗan kwana-kwana ne, ya yi aikin kashe gobara tun yana saurayi har furfura ta cinye masa kai. Abokan aikinsa ne suka laƙaba masa sunan, wai don ranar da jiniyar motarsu ta lalace a tsakiyar cunkoso, kai kawai ya leƙo ta taga ya daka tsawa, motoci suka dare. Ko haka aka yi ko zuƙi ne, oho. Abin da kowa ya shaida dai, in ya ce "ina kwana" a ƙofar gidansa, sai an amsa masa daga gida na uku.

Maƙwabta sun yi ƙorafi har sun gaji. Mutum ɗaya ce ba ta taɓa cewa ya rage murya ba, wato matarsa, tela, wadda yake kira Gimbiya. Wani zazzaɓi mai zafi ne ya taɓa mata kunnuwa tun 'ya'yansu suna ƙanana, daga nan mutane suka koma mata baki yana motsi babu sauti. 'Yarsu ta sayo mata abin ƙara ji, ta sa na kwana kaɗan, ta ce fito yake yi mata a tsakiyar ka, ta jefa shi cikin gwangwanin maɓallai. Amma muryar mijinta, ita kam tana shiga. Shi ne rediyonta, shi ne wayarta. In mai kawo ɗinki ya zo, Jiniya zai tsaya a bayan keken ɗinki ya maimaita mata abin da aka ce, har da ƙarin gishirinsa, ita kuma ta auna ta yanka.

Sai muryar nan ta fara dishewa. Da farko ya ce mura ce. Murar ta ƙi tafiya, ya ce sanyin fanka ne. Da aka kai matakin da sai ya sa bakinsa a kunnen Gimbiya kafin ta ji shi, ita da kanta ta ɗauko masa takalmansa ta ajiye a gabansa, ta tsaya a kansa har ya sa.

Bayan gwaje-gwaje suka zauna a gaban Likita, wata yarinya mai gilashi da ba ta wuce sa'ar autarsu ba. Ta juyo musu da hoton maƙoshinsa, ta nuna wani ɗan dunƙule da kan biro.

"Baba, ba zan ɓoye maka ba, ciwon daji ne, kuma daidai inda murya ke fitowa ya zauna. Amma an gan shi da sauran dama. Za mu fara da gashi da na'ura, kullum kaɗan-kaɗan, har tsawon makonni. In gashin ya ci, muryarka tana nan. In bai ci ba, sai tiyata, a cire wurin gaba ɗaya. Za ka rayu, amma muryar ta tafi ke nan."

Jiniya ya saci kallon Gimbiya, wadda ta zuba wa bakin Likita ido tana ƙoƙarin tsintar abin da za ta tsinta.

"Taba kuma," in ji Likita, ta miƙo hannu, "daga yau kun rabu."

Ya zaro kwalin daga aljihu ya ɗora mata a tafi, har da laitar.

"Madalla. Sai abu ɗaya da nake so ka sani. Ƙarin nan ya girma da gaggawa, jijiyoyin jini ba su kai can cikinsa sosai ba. Saboda haka tsakiyarsa ba ta samun isasshiyar iskar oksijin. Shi ya sa..."

Jiniya ya ɗaga hannu. To, a nan ne halin mutumin ya ci shi, don tun da aka haife shi bai taɓa barin wani ya kai ƙarshen zance ba.

"Tsaya nan, 'yata. Na gane."

"Ka tabbata, Baba?"

"Iska kika ce ko? Ai iska aikina ce. Duk rayuwata a kanta na ƙare."

Likita ta yi murmushi, ta ga dattijo mai ilimin abin. Ga layi a waje ya yi tsawo, ga wata nas ta leƙo tana neman ta. Ta sallame su.

A motar haya, Gimbiya ta matso da kunnenta. Da ƙarfi take magana, kamar yadda masu matsalar ji kan yi, har na gaba suka waiwayo.

"Malam, me ta ce?"

Ya faɗa mata zancen gashi, ya faɗa mata zancen tiyata a gurguje. Sannan ya gyara zama, fuskarsa ta saki.

"Amma akwai albishir. Shegen abin nan numfashinsa sama-sama yake, ba ya samun iska. Saura ƙiris ya shaƙe. Mu namu kawai mu ƙarasa shi."

Ta yarda. Me zai hana ta yarda? Shekara da shekaru abin da ya faɗa mata a kunne shi ne abin da duniya ta faɗa.

Washegari amininsa ya zo dubiya, wani gajere mai tumbi da ake kira Direba, don shi ne ya ja motar kashe gobararsu har suka yi ritaya tare. Suka zauna a kan benci a bayan gida, Jiniya ya zayyana masa komai cikin raɗa.

"Ka tuna abin da muke koya wa sababbin shiga? Wuta ƙafa uku gare ta: abin da za ta ci, da zafi, da iska. Ka cire ɗaya..."

"Ta durƙushe," in ji Direba.

"To! In tukunyar mai ta kama, ruwa kake zubawa?"

"Wa zai yi wannan haukan? Murfi za ka kifa."

"Shi ke nan. Murfi za mu kifa wa abin nan."

Direba ya buga cinya. "Kai, mutumina! Ashe abin mai sauƙi ne, su likitoci suke ta kewaye-kewaye."

Ranar aka rufe tagogin ɗakin Jiniya ruf, aka toshe ƙasan ƙofa da tsumma. Gimbiya ta zauna a kan keke ta ɗinka masa wani naɗin wuya mai kauri, ninki uku, irin wanda ko sauro ba zai sami hanyar shaƙar iska ba. Ya daina zagayen da yake yi da yamma, wai tafiya tana sa mutum haki, haki kuma ciyar da maƙiyi ne. Yakan zauna a kujera ya riƙe numfashi har idanunsa su fito, sannan ya saki yana murmushin mugunta.

Da abin ya tsaya a nan, da ba komai, zufa kawai zai sha. Amma wata rana Direba ya koma gefe ya kunna sigarinsa, iska ta kwaso hayaƙin ta kawo wa Jiniya har hanci. Idanunsa suka bi shi kamar na kyanwa da ta ga kifi.

"Direba," ya ce a hankali, "in ka tura hayaƙi a cikin rami, me ke faruwa da abin da ke ciki?"

"Ai Likita ta ce ka daina."

"Likita ta faɗi abin da ake faɗa wa kowa ne. Ni nawa dabara ce ta aiki. Hayaƙin nan ta kan abin zai bi, ko ba ta nan yake wucewa ba? Miƙo kara ɗaya."

Ba zan ce ƙarya yake yi ba, don wallahi ya yarda da abin da ya faɗa. Sai dai mutum yana saurin yarda da hujjar da ta biyo ta inda bakinsa ke ƙaiƙayi. Gimbiya ta leƙo ta gan shi yana busawa, ta riƙe ƙugu. Ya je ya sa baki a kunnenta ya ce magani ne. Ta daɗe tana kallonsa, ta koma ciki tana girgiza kai.

Ɗakin gashi yana can ƙasan benen asibitin, bayan wata ƙofa mai kauri da sai an danna maɓalli take buɗewa. Mai kula da na'urar wani siriri ne da kowa ke kira Dogo. Tun ranar farko ya ɗumama wata ragar roba ya kifa wa Jiniya a fuska da wuya, ta sandare da siffarsa, don kada ya motsa ko kaɗan in ana gashin. Wasu marasa lafiya tsoron ragar suke yi. Jiniya kuwa daɗi ya ji, ya ce ta tuna masa da abin rufe fuskar da suke shiga hayaƙi da shi. Kullum da safe zai cire naɗin wuya ya kwanta, a ɗaure ragar a jikin gado, koren haske ya gitta masa a maƙoshi, kowa ya fita. Sai ƙaton kan na'urar ya zagaya shi yana ƙugi. Babu zafi, babu abin da ake gani, kafin ya gama tunanin abin karyawa an buɗe ƙofa.

Wata safiya Dogo ya ɗauko ragar, ya tsaya, ya kai ta hanci.

"Baba, wannan ragar taka warin me take yi haka?"

"Tsohon warin aiki ne, ɗana. Gobara ba ta barin jikin mutum."

"Hmm. Gobarar nan kuwa da alama yau da safe aka yi ta."

Dogo ya kifa masa ragar ya ci gaba da aikinsa. Amma ranar ganin Likita ta mako, Jiniya da Gimbiya suna shiga suka tarar da wata 'yar na'ura mai bututu a kan tebur.

"Baba, ja numfashi ka riƙe, sannan ka hura a nan."

Riƙe numfashi kuwa ai ya ƙware. Ya hura. Likita ta duba abin da na'urar ta nuna, ta cire gilashinta ta ajiye.

"Baba, ka koma shan taba."

Wani zai sunkuyar da kai. Jiniya kuwa gyara zama ya yi, don ya daɗe yana jiran ranar da za a yaba masa. Ya kwashe komai ya faɗa mata da 'yar dusasshiyar muryarsa: ƙafafun wuta uku, murfin tukunya, tagogi, naɗin wuya, hayaƙi a rami. Ya ƙarasa da cewa, "Ku kuna gasa shi ta waje, ni ina shaƙe shi ta ciki. Ina zai gudu?"

Likita ta kifa fuska a tafukanta. Kafaɗunta suka ɗan girgiza, ba ka iya cewa dariya ce ko kuka. Da ta ɗago, idanunta sun yi ja.

"Rabin laifin nawa ne, da na bari ka katse ni ranar nan. Yau kuwa sai na kai ƙarshe, ko da layin waje zai kai bakin titi." Ta jawo kujerarta ta dawo gaban Gimbiya, ta taɓa mata gwiwa. "Mama, ki kalli bakina. A hankali zan yi."

Ta ɗauko farar takarda ta zana da'ira babba, ta zana ƙarama a cikinta ta cike ta da baƙi.

"Baba, a wannan aikin, wa ka ɗauka shi ne wutar?"

"Ƙarin mana."

"A'a. Ƙarin shi ne itacen. Wutar tamu ce, ita ce hasken da na'urar Dogo ke harbawa. Hasken nan yana yi wa ƙwayoyin ciwon rauni. In akwai oksijin a wurin, sai ta manne a raunin ya ƙi gyaruwa, ƙwayar ta mutu. In babu oksijin, ƙwayar takan ɗinke rauninta ta miƙe ta ci gaba da harkarta. Wannan baƙin na tsakiya, da na ce maka ba ya samun iska, shi ne mafi taurin kai. Ya saba da zaman ƙunci, rashin iska ba ya kashe shi, ɓuya ma yake yi a ciki. Ba albishir na yi maka ba, Baba. Matsalar na faɗa maka."

Jiniya ya buɗe baki. Ta ɗaga masa hannu, irin yadda ya yi mata.

"Ban gama ba. Ka taɓa zuwa gobarar ɗakin ajiya, inda aka jibge kaya dam-dam?"

"Sau nawa! Auduga ma." Ya kalli zanen. "Waje ne ke fara ci. Ciki yana nan lafiya lau, sai wajen ya cinye ya zube, iska ta sami hanya, sannan cikin ya kama."

"Shi ya sa muke gashin nan kullum kaɗan-kaɗan. Na waje masu samun iska su mutu, jini ya sami hanyar kaiwa ciki, gobe mu sami na cikin sun sha iska, mu cim musu. To faɗa mini, a gobara me ya fi kashe mutane, harshen wuta?"

"Hayaƙi," ya ce, muryarsa ta ƙara yin ƙasa. "Za ka fito da mutum ko ƙwarzane babu a jikinsa, amma ya tafi."

"Saboda gubar da ke cikin hayaƙi tana shiga jini ta zauna a kujerar oksijin, ta ƙi tashi. Ita ce na'urar nan ta gani a numfashinka. Tagogi da naɗin wuya ba su yi komai ba, wahala kawai ka sha. Amma kowane kara da ka sha, jininka yana isa wurin da rabin kaya. Mu muna kunnawa da safe, kai kana komawa gida kana kifa murfi."

Jiniya ya sunkuyar da kai. Mutumin da ya yi rayuwarsa yana alfahari babu wutar da ta gagare shi, yau ga shi ya kashe wadda aka kunna don ceton muryarsa. Kunya ta rufe shi, tsoro kuma ya biyo bayanta.

"Na ɓata aikin ke nan?"

"Ka rage masa ƙarfi, ba zan yi maka ƙarya ba. Amma mafi yawan gashin yana gaba, kuma gubar nan tana barin jini da wuri in an daina ƙara ta. Ba zan yi maka alkawari ba. Dama dai tana nan, in ka bar ni na yi aikina."

Gimbiya ta kalli bakin Likita, ta kalli zanen, ta gane abin da za ta gane. Sai da suka iso barandar da marasa lafiya ke jira, cike da mutane, ta tsaya cak. Ita a ganinta a hankali take magana.

"Malam, ni ka sa na rufe taga da hannuna? Ni ka sa na ɗinka maka abin shaƙe wuya?"

Baranda ta yi tsit. Wata tsohuwa ta dakata da ayabar da take ɓarewa.

"Gimbiya, mutane..."

"Ina ruwana da mutane, jin su nake yi? Kai kaɗai nake ji! Duk duniyar nan murya ɗaya ta rage mini, ita ce taka. 'Ya'yan da na haifa ban san yadda muryarsu ta koma da suka girma ba, sai abin da ka kwaikwaya mini. In aka cire ta, kai za ka rayu, an faɗa maka. Ni kuma wa zai kira ni in waiwayo? Ita ce ka ɗauka kana busa wa hayaƙi a bayan gida kai da wancan mai tumbin?"

Hawaye suka zubo mata, ba ta share ba. Jiniya ya sa hannu ya warware naɗin wuyan, ya laluba cikin ninkinsa, ya zaro sigarin da ya ɓoye a can, ya miƙa mata. Ta karɓa ta murƙushe a tafinta ta zuba a kwandon shara. Tsohuwa mai ayaba ta ce, "Yauwa, 'yar nan!" Wani dattijo da ke kan keken marasa lafiya har da tafi.

Daga ranar gidan ya juye. Gimbiya ta buɗe tagogi har da na ɗakin ajiya, ta cire labule, ta kafa masa fanka a gaba. Direba, da ya ji yadda aka yi, sai da ya yini bai iya haɗa ido da ita ba. Washegari sai ga shi yana nishi, ya jawo wata tsohuwar tukunyar iska irin wadda suke goyawa a baya in za su shiga hayaƙi, wai a ɗaura wa mutuminsa. Da aka buɗe ta babu komai a ciki sai tsatsa. Jiniya ya kai wa Likita labari, ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce fanka ba ta kai iska cikin ƙari, amma a bar Mama ta yi abinta. Abin da take so dai shi ne ya ci abinci sosai don jininsa kada ya yi ƙasa, ya riƙa ɗan tattaki, kada ya tsallake gashi ko na rana ɗaya, kuma ko hayaƙin wani kada ya zauna a ciki. Nan take Gimbiya ta kafa doka: Direba ba ya shiga gidan sai ta shinshina rigarsa a bakin ƙofa.

Barin tabar kuwa bai zo da sauƙi ba. Yatsunsa biyu suka riƙa tafiya baki da kansu, su tarar babu komai. Ya yi faɗa da fanka, ya yi faɗa da kujera. Da Gimbiya ta ga haka, ta tara masa tsofaffin rigunan da aka kawo gyara, ta ba shi reza, ta ce ya warware ɗinki. Ka ga ƙaton mutum, wanda ya saba riƙe tiyo mai jefar da maza uku, ya duƙufa yana tsintar zare ɗaya-ɗaya, harshe a waje. Ya ɓarke hannun rigar wani malamin makaranta, ta sha mita, amma bai koma bayan gida ba.

Da gashin ya yi nisa, wuyansa ya yi baƙi ya fara saɓa, haɗiya ta koma azaba. Ta dama masa ƙwai da madara, ta tace masa romo, ta tsaya a kansa har ya shanye. Ɗan abin da ya rage na muryar kuma ya ɗauke ɗif. Likita ta ce haka gashi yake yi, kumburi ne, ya huta da magana. Gidan da ake jin sa daga gida na uku ya yi shiru har maƙwabta suka fara leƙowa suna tambaya ko lafiya. Ɗaya daga cikinsu, wanda ya fi kowa ƙorafi a da, ya ce wallahi ya kasa saba tashi da safe babu wannan hargowar.

Aka gama gashi, Dogo ya ba shi ragar ya ce ya kai gida ya rataye. Aka jira makonni kumburi ya sauka. Sannan Likita ta zura masa wani siririn bututu mai fitila ta hanci, ta daɗe tana kallon allo. Ta juyo ga Gimbiya, ta buɗe baki sosai don ta gani.

"Ban ga komai ba, Mama. Wurin ya wanke. Za mu ci gaba da dubawa a kai a kai, don ba a sakin jiki da irin wannan ciwon. Amma yau babu zancen tiyata."

Gimbiya ta rungume ta har gilashin ya karkace. Likita ta ce wa Jiniya ya fara gwada muryar a hankali, za ta dawo, sai dai ba lallai ta zama irin ta da ba.

Wannan "ba lallai ba" ita ce ta tsaya masa a rai. Ya koma gida ya ci gaba da raɗa da nuni da hannu. In Gimbiya ta fita, yakan shiga banɗaki ya ce "a'a, a'a" ƙasa-ƙasa, ya ji wani abu mai kama da ƙarar tsohuwar ƙofa, ya yi maza ya rufe baki. Tsoro yake ji, tsoron da bai taɓa ji a bakin gobara ba: kada ya kira ta daga bayanta, ta ci gaba da abin da take yi. Gara masa kada ya sani. Ita ma ba ta tambaye shi ba, sai dai yakan kama ta tana kallon maƙoshinsa in yana shan ruwa.

Wata safiya tana soya ƙwai, shi yana zaune a falo yana warware ƙasan wani wando, ƙofar kicin a buɗe. Ta juya wa murhu baya tana neman gishiri a kan kantar kicin. Man da ke kasko ya yi zafi ya wuce kima, ya kama, harshen wutar ya tashi yana lasar tsumman da ke rataye daidai kafaɗarta.

Bai yi tunani ba, balle ya ji tsoro.

"Gimbiya! Wuta!"

Ba jiniyar nan ta da ba ce. Wata ƙatuwar murya ce mai kaushi, tsagaggiya, kamar ana jan buhun tsakuwa a kan siminti. Amma ta cika gidan, ta fita ta tagogin nan da ke buɗe.

Gimbiya ta waiwayo.

Kafin ta gama juyowa ya iso, ya fizge tsumman ya taka, ya kashe murhu, ya ɗauki murfi ya kifa wa kaskon. Wutar ta mutu nan take. Ya tsaya yana haki, yana duba mata hannun riga ko ya taɓu. Ita kuwa ko kallon kaskon ba ta yi ba. Gwangwanin gishiri yana hannunta, ya karkace, gishiri yana zuba a ƙasa.

"Sake faɗa," ta ce.

"Me zan faɗa?"

"Ko me. Koma can inda kake zaune ka faɗa. Ko zagi ne."

Ya koma falo da baya da baya. Ta juya masa baya da kanta, ta fuskanci bango, ta runtse ido. Ya ja numfashi.

"Kin ƙona mana ƙwai, tsohuwa!"

Kafaɗunta suka fara girgiza. Ta juyo tana dariya, hawaye yana bin kumatunta.

"Uwarka ce tsohuwa," ta ce. "Kuma ƙwan ai kai za ka ci shi a haka."

Daga can gida na uku wani ya ɗaga murya ya ce, "Lafiya lau, Jiniya! Mun ji ka!" Gimbiya ba ta ji wannan ba. Sai da mijinta ya share ido da bayan hannu, ya tsaya a tsakiyar falo, ya maimaita mata.